Kafson da Ya Yi Shiru

Tun a bakin ƙofar caji ofis Sufeto ya ga alamar. Wani ɗan haske ne mai lanƙwasa yake rawa a gefen idonsa na hagu, kamar tsagar madubi. Ya san abin da ke tafe. Ciwon ɓarin kai ba ya zo masa sai ya aiko ɗan saƙo.

Ya laluba aljihu, ya ɓalli ƙwayar gaggawa, ya haɗiye ba ruwa, yana fatan ya riga ciwon. Bai kai ga zama ba Saje ya faɗo ofishin, ya ƙame, ya buga ƙafa kamar zai fasa siminti.

"Yallaɓai! An yi sata!"

"Saje, a gabanka nake, ba a tsallaken titi ba. Rage murya. Kuma wannan turaren, wanka ka yi da shi?"

"Kyauta aka ba ni, yallaɓai."

"Wanda ya ba ka ba masoyina ba ne. Me aka sata?"

Saje ya rage murya kaɗan, ta koma daidai ta mai tallar kaya a tasha. Sarƙar gwal ce, in ji shi, ta gado, wata mata ta kai wa maƙerin zinari ya gyara mata maɓalli. Jiya da rana ciwon kai ya kwantar da maƙerin a ƙuryar shagonsa. Yau da safe mai sarƙa ta zo karɓa, aka buɗe akwatin ƙarfe, babu sarƙa. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa kwaɗo ba.

"Wa ake zargi?"

"Matar maƙerin. Shi da kansa ya nuna ta. Tana tsare a bayan kanta. Kuma shugaban ofis ya ce kafin a tashi aiki ko a kawo sarƙa, ko a rubuta matar a kai ta kotu, don mai sarƙar ta cika masa kunne da waya."

Sufeto ya dafe goshi. "To. Shigo da ita. Kai kuma tsaya can kusa da taga."

Matar ta shigo a tsaye ƙyam, idonta a bushe. Daga gani ba ta kuka ba ce, fushi ne ya cika ta har wuya.

"Baiwar Allah, kin je shagon mijinki jiya?"

"Ban je ba."

"Mai sayar da katin waya a bakin layin ya ce ya gan ki da kular abinci," in ji Saje daga taga.

Ta ja tsaki. "To na je. Na tarar da ƙofa a sakaye, shi kuma yana kwance a duhu da tawul a fuska. Na ajiye kula na juyo. In ciwon nan ya kama shi, ko tari ka yi sai ya ce guduma ka buga masa."

"Me ya sa kika ce ba ki je ba?"

"Yallaɓai, mutumin da na haifa wa yara, ya tsaya a gaban 'yan layi ya ce ni ɓarauniya ce. Don kawai ranar da aka kawo sarƙar na sa ta a wuya na duba madubi. In na ce na je, ai na gama ɗaure kaina."

"Ƙaryar ce ta fi ɗaure ki. Akwai kowa a shagon?"

"Babu. Ko Baba Mai Agogo, abokin hayarsa, ba ya nan."

Sufeto ya tashi, ya ɗauki baƙin tabarau. "Saje, mu je. Kuma idan ka kunna jiniya, da ƙafa za ka dawo."

Shagon ɗaki ɗaya ne mai tebur biyu. Na dama na maƙerin ne, cike da awartaki da magagari da ɗan injin wuta. Na hagu na wani dattijo ne mai gyaran agogo, wanda suke raba haya. Can ciki akwai labule, bayansa katifa da akwatin ƙarfe.

Maƙerin na zaune ya ɗaure kai da tsumma. Wani matashi mai gyararren saje yana tsaye a kansa yana masa fifita da kwali.

"Wannan fa?"

"Ƙanena ne, Auta. Shagon askinsa ne nan jikin nawa."

"Sannu da zuwa, yallaɓai," in ji Auta, har da rusunawa. "Wallahi abin ya ɗaure mana kai. Ni dai ban ce matar Yaya ta ɗauka ba. Amma kuma ita kaɗai aka gani ta shiga."

"Ban tambaye ka ba tukuna. Koma shagonka, zan neme ka."

Da ya fita, Sufeto ya ja kujera. "Malam, ina makullin akwatin yake zama?"

"A wuyana. Ko wanka da shi nake yi."

"To ta yaya aka buɗe?"

Maƙerin ya sunkuyar da kai. "In ciwon ya taso ba na iya jure komai a jikina. Hula, tabarau, agogo, har igiyar makullin, duk sai na cire na ajiye a kan kujera. Na kashe fitila, na jiƙa tawul na rufe ido, na toshe kunne da auduga. A lokacin ko shagon za a ɗauke ba zan sani ba."

"Wa ya san haka?"

"Iyalina."

"Ba ka shan magani ne?"

"Ina sha! Shi ne abin haushin. Likita ya ɗora ni a kan wani kafso na rigakafi, kullum safiya guda ɗaya. Na daɗe rabona da ciwon, har na manta da shi. Kwanan nan sai ga shi ya dawo, ga bugun zuciya kamar na yi tsere. Jiya na sha ta gaggawa amma na makara, na amayar da ita."

Sufeto ya cire tabarau a hankali. Bugun zuciya. Shi ma ya taɓa yin wannan, lokacin da ya yi tafiya ya manta nasa kafson a gida. Likitarsa ta wanke shi tas, ta ce wannan magani ba a yanke shi farat ɗaya.

"Ka tabbata ba ka tsallake sha ba?"

"Ko sau ɗaya. Ga shi nan a durowa, da shayin safe nake sha."

Ya miƙo wata farar roba mai murfi. Kafson da ke ciki iri ɗaya ne da na Sufeto, rabi shuɗi rabi fari. Ya zazzago guda a tafin hannu. Sai hannunsa ya yi abin da ya saba yi kullum safiya ba tare da ya sa shi ba: ya kai kafson kusa da kunne ya girgiza.

Shiru.

Ya ɗauki wani ya girgiza. Shiru. Ya zaro nasa daga aljihu ya girgiza, sai ga 'yar ƙara, sak-sak-sak, kamar yashi a cikin kara.

"Yallaɓai, lafiya?" in ji Saje. "Ko kiran waya kake jira daga ciki?"

"Rufe min baki ka matso. A'a, kada ka matso. Tsaya nan ka saurara." Ya ɗaga kafson. "Wannan kwanson da kake gani riga ce kawai, biyu ne aka zura ɗaya cikin ɗaya. In ya isa ciki sai ya narke. Maganin yana ciki, 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne, kowace da tata rigar, wata siririya wata mai kauri. Wasu su narke da safe, wasu da rana, wasu sai yamma. Haka ƙwaya ɗaya take tsare mutum yini guda. Shi ya sa ake cewa kada a tauna, kada a daka. Kuma shi ya sa yake ƙara in ka girgiza."

Ya shimfiɗa farar takarda, ya murɗa kafson maƙerin, ya ja. Ya buɗe ba gardama. Wani farin gari ne ya zubo, laushi kamar toka.

Wani ƙamshi ya doki hancinsa. In ciwon na kusa, hancinsa ya fi na kare. Ya san ƙamshin nan. Amma turaren Saje ya cika ɗakin, ya hana shi kamo bakin zaren.

"Malam, ba magani kake sha ba. An zazzage na gaskiyar an ɗura maka gari. Wani ne ya zauna ya kira maka ciwon nan da gangan, don ka kwanta ka cire makulli."

Maƙerin ya miƙe zumbur, tsumman kansa ya faɗi. "Ita ce! Wallahi ita ce! Ita take sayo min maganin a kemis!"

"Shi ke nan, yallaɓai, magana ta ƙare," in ji Saje, yana zaro biro. "In rubuta?"

"Ka rubuta me? Saje, fita waje. Je ka tsaya a rana har turaren nan ya ƙone."

Sufeto ya lumshe ido. Jijiyar gefen kansa ta fara bugawa a hankali. Ya zo ne ya duba ko matar na da mafita, ga shi da hannunsa ya ƙara mata igiya. Ya buɗe ido, sai ya sauke shi a kan wani babban gwangwani a ƙarƙashin tebur, an rufe shi da faranti.

"Wannan na mene ne?"

"Shara ce."

"Shara kake wa murfi?"

"A sana'armu ba a zubar da shara, yallaɓai. Duk gugar da na yi, ƙurar gwal na zuba ƙasa. Ni nake shara da kaina, in tara, in ta yi yawa in ƙona in tace. Ba wanda nake bari ya taɓa min tsintsiya."

"Juye min ita a kan jarida."

Maƙerin ya juye yana gunaguni. Sufeto ya ari gilashin ido ɗaya na Baba Mai Agogo da hantsakinsa, ya durƙusa yana tona ƙura. Kansa na sara, gwiwarsa na ƙara, yana tsine wa ranar da ya shiga aikin ɗan sanda. Can sai ya tsaya. Ya ɗago wani ɗan farin abu, bai kai kan allura ba. Ga wani. Ga wasu can sun taru a lungun jarida.

Ya buɗe nasa kafson, ya zuba a gefe. Iri ɗaya sak.

"Ga maganinka nan, Malam. A ɗakin nan aka buɗe kafson, a kan teburin nan. Ƙwayoyin nan gangarawa suke, ba mai buɗe roba guda bai zubar ba. Yanzu faɗa min: macen da maganin ke biyowa ta jakarta daga kemis, da ɗakin girkinta da ƙofarta, me zai kawo ta nan ta zauna tana ɗura gari a gaban mutanen layi?"

Maƙerin ya duƙa ya ƙura wa ƙwayoyin ido.

"Kuma da kana shara ka ga wannan a warwatse, da ka lura?"

"Da na lura. Idona ba ya wuce ƙaramin abu a ƙasa." Ya dubi bayan ƙofa. "Sai dai... akwai ranar da na dawo daga sayen gas na tarar an share shagon, an tara sharar a bayan ƙofa. Na ɗauka Baba ne ya yi min karambani. Na kwashe na zuba a gwangwani ban duba ba."

"Ni?" in ji Baba Mai Agogo, wanda tun ɗazu yake yi kamar ba ya ji. "Ni da ka taɓa yi wa rashin kunya don na hure tebur? Allah ya kiyaye ni da tsintsiyarka."

Sufeto ya juya gare shi. "Baba, jiya da rana kana ina?"

"Nan. Ban motsa ba. Ko fitsari ban fita ba."

"Matarsa ta ce ba ta gan ka ba."

"Ƙila na sunkuya ne."

"Sunkuya min yanzu in gani."

Dattijon ya sunkuya da ƙyar. Ƙeyarsa fes, an yi mata layi kamar da rula aka ja. A cikin wuyan rigarsa akwai ɗan fari-fari. Sufeto ya matso da hanci. Ƙamshin nan ne. Yanzu da Saje ke waje, ya gane shi sarai.

"Yaushe ka yi aski?"

Baba ya saci kallon maƙerin. "Yallaɓai, kada ka gaya wa... to, ai ga shi yana ji. Amana ya bar min, na ce ba zan tashi ba. Auta ne ya leƙo ya ce ba kowa a shagonsa, in zo ya rage min suma kyauta. Kyauta fa! Ya kwantar da kujera, ya rufe min fuska da tawul mai ɗumi, ya ce in huta bari ya sayo reza. Barci ma ya ɗan ɗauke ni."

Maƙerin ya koma ya zauna a hankali. "A'a. Ba Auta ba. Shi yake danna min kai in ciwon ya taso. Shi nake bar wa shago in zan fita."

"Na ji," in ji Sufeto. "Taso mu gaisa da shi."

Shagon askin duk madubi ne da fitilu, ga rediyo na kururuwa. Hasken ya soki Sufeto har ƙwaƙwalwa. Ya mai da tabarau, ya miƙa hannu ya zare wayar rediyon daga bango.

Auta ya gama sallamar wani kenan. Ya kaɗe ƙyalle, ya ɗauki tsintsiya, ya share gashin sharaf-sharaf, ya tura shi bayan ƙofa. Ko kallon hannunsa bai yi ba.

Sufeto ya dubi maƙerin. Maƙerin na kallon bayan ƙofar.

"Auta, ka san inda yayanka ke ajiye magani?"

"Ni? Ina ruwana da magani, yallaɓai. Ban ma san kalarsa ba."

"Jiya ka fita sayen reza?"

"E, nan bakin titi."

Saje, wanda ya biyo su, ya ja durowar gaban madubi. Reza ce cike, kwali-kwali, ko buɗewa ba a yi ba. "Yallaɓai, wannan ai sai ya yi wa bataliya guda aski."

"Ba irin wadda nake so ba ce," in ji Auta da sauri.

Sufeto ya warware takardar da ya ƙunso farin garin, ya miƙa wa maƙerin. "Shinshina." Sannan ya ɗauki burushin da ake kaɗe wuya, ya miƙa masa. "Shinshina wannan ma."

Maƙerin ya juyo ya dubi ƙanensa. "Hodar aski. Auta, hodar aski nake sha da shayi?"

"Yaya, hodar nan a ko'ina ana sayar da ita! Matarka ma tana iya saya! Yallaɓai, ka bincike ni, ka bincike shagon, in ka ga sarƙa ka yanka ni!"

"Daina ihu, don girman Allah."

Sufeto ya bi kantar kayan askin da kallo. Kilifa, almakashi, kwalbar sifirit, man gashi. Gwangwanin hoda biyu ne. Ɗaya a gaba, bakinsa duk fari, ana aiki da shi. Ɗayan can sama a bayan tawul, an goge shi tas, an juya fuskarsa bango.

Ya miƙa hannu ya sauko da shi. Nauyinsa ya fi na hoda. Ya kai shi kusa da kunne ya girgiza.

Ƙwal. Ƙwal.

"Abin mamaki, Saje," in ji shi. "Yau abin da ya kamata ya yi ƙara ya yi shiru, wanda ya kamata ya yi shiru kuma yana magana."

Ya ɓalle murfin, ya kife gwangwanin a kan kujerar aski. Hoda ta tashi fari fat. A tsakiyarta sarƙa ta zubo, ta naɗe kamar macijiya.

Auta ya yi wuf zai fita. Saje ya cika ƙofar da ƙirji, ya damƙe shi kamar an miƙa masa jariri.

"Ni na yi," in ji Auta. "Yaya, ni na yi. Kullum gwal na wucewa ta gabana, ni ina nan ina sharar gashin mutane. Na ce sau ɗaya kawai. Ranar da ka je sayen gas na zauna na juye su duka. Na ɗauka cikin kwana ɗaya ciwon zai kwantar da kai, ban san sai an jira ba. Kullum ina leƙowa in ga ko ka ɗaure kai."

"Kana leƙowa kana ce min sannu," in ji maƙerin. "Kana danna min kai."

"Hoda ce kawai, Yaya, ba guba ba ce."

"Maganin da ka raba shi da shi farat ɗaya yana iya taɓa masa zuciya," in ji Sufeto. "Da ta tsaya, da ba fayil ɗin sata zan buɗe maka ba. Kuma kana tsaye aka ja matarsa zuwa bayan kanta, kana fifita. Saje, sa masa ankwa. A hankali, kada ta yi ƙara. Kai kuma Malam, daga nan asibiti za ka, kada ka koma kan maganin sai likita ya gan ka."

Aka fito da Auta, hoda har gira, 'yan layi sun yi cirko-cirko. Baba Mai Agogo na shafa ƙeyarsa yana cewa shi dai daga yau ya bar karɓar kyauta.

A caji ofis aka buɗe wa matar ƙofar bayan kanta. Ta fito tana gyara mayafi. Maƙerin ya tare ta, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Maman yara, ki yi haƙuri. Ciwon ne ya..."

"Ciwon a kanka yake, ba a bakinka ba." Ta karɓi robar maganin da ke kan tebur, ta girgiza ta a kunne kamar yadda Saje ya ba ta labari, ta dangwarar. "Mu je asibitin, in raka ka. Daga can ka wuce layinku. A inda ka tsaya ka kira ni ɓarauniya, nan za ka tsaya ka janye, da irin muryar da ka faɗa. Sai ka gama za mu yi maganar haƙuri."

Ta yi gaba. Ya bi ta a baya kamar ɗan makaranta.

Sufeto ya shiga ofishinsa, ya ja labule, ya kashe fitila. Ya cire hula, ya cire agogo, ya jiƙa hankici ya ɗora a ido. Ya kai hannu zai ajiye makullin durowarsa a kan tebur, sai ya tsaya. Ya mayar da shi aljihu, ya danne da tafin hannu.

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi.

"Yallaɓai! Shugaban ofis ya ce a gaishe ka da aiki!"

"Saje."

"Yallaɓai!"

"Fita. Ka ja ƙofar kamar kana tsoron ta."